Kwamfutarka Ce, Amma Ta Ce Ba Ka da Izini

Mutum ya yi tanadi ya sayi kwamfuta, ya ƙara da firinta don buga takardun makaranta ko na ƙungiya, ya haɗa su da kebul, sai allo ya fito masa da saƙo cewa ba shi da izinin ɗora manhajar da za ta sa firintar aiki. Wani lokaci har a ce masa ya tuntuɓi mai gudanar da kwamfutar. Shi kuwa a iya saninsa babu wani mai gudanarwa sai shi, tunda da guminsa ya saya. A Kano abin bai wuce ɓacin ran rabin yini ba, ka hau adaidaita zuwa Beirut Road ko Farm Centre, kafin la'asar an warware maka. A Birnin Gwari lissafin daban ne.

Garin yana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, hanyar kuma ta bi ta Buruku da Udawa ta kutsa cikin dajin da ya haɗe da Kamuku da Kuyambana har ya dangana da Zamfara. An yi shekaru matafiya suna jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su bi ta, kuma ba wanda zai sa ransa a wannan hanya saboda firinta ta ƙi bugu. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamba 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar karar garin bayan ta daɗe a rufe, zirga-zirga ta ƙaru. Amma kuɗin mota zuwa Kaduna da dawowa yakan ninka kuɗin gyaran. Saboda haka mai kwamfuta a wannan yanki ya fi kowa buƙatar ya gane abin da na'urarsa take nufi idan ta ce a'a. Ra'ayina shi ne, yawancin waɗannan saƙonni ba alamar lalacewa ba ne. Tambaya ce ake yi maka game da mallaka, kuma a lokuta da yawa amsar tana hannun wanda ya sayar maka.

Direba, kamar yadda masu gyara suke kiransa, ƙaramar manhaja ce da take fassara tsakanin Windows da wani ƙarfe: firinta, katin sauti, kyamara, na'urar ɗaukar hoton yatsa, waya. Manhajar rubutu ko ta kallon bidiyo kamar baƙo take, iyakarta zaure, idan ta yi ɓarna a nan za ta tsaya. Direba kuwa cikin gida yake shiga, har ɗakin da ake ajiye dukiya, domin yawancin direbobi suna aiki ne a ƙwaryar tsarin, inda babu abin da yake ɓoye gare su. Yana iya ganin abin da kake bugawa a madannai, ya karanta kowane fayil, ya kashe manhajar tsaro ba ta sani ba. Maigida ne kaɗai yake da ikon shigar da mutum ciki, shi ya sa Windows take tsayawa ta tambaya.

Ba tun farko take yin haka ba. A zamanin Windows XP kusan kowa yana aiki da cikakken iko, duk abin da ka danna sai ya shige kai tsaye, kuma waɗanda suka yi mu'amala da kafen intanet a wancan lokaci sun san yadda bairos ya addabi mutane. Windows Vista da ta fito kasuwa a 2007 ita ta zo da akwatin nan da yake dusashe allo ya tambaye ka ko ka yarda a yi canji, ita ce kuma ta fara tilasta wa direbobin tsarin 64-bit su zo da sa hannun kamfanin da ya yi su. Daga 2016, a sabbin kwamfutoci masu Windows 10, sabon direba sai ya bi ta hannun Microsoft an buga masa hatimi. Abin da ya faru a duniya ya gaskata wannan tsauri. Stuxnet, manhajar ɓarnar da aka gano a 2010 wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, da direbobi ta shiga, kuma sai da masu ita suka saci takardun sa hannu na kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan kafin Windows ta buɗe musu. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, kuskure guda a sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa take aiki a ƙwaryar tsarin, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Wannan kamfani ne da aka ba izini da gangan. Sai ka auna abin da direban da ba a san asalinsa ba zai iya yi.

Tambayar farko da Windows take yi ita ce, wane ne kai a kan wannan kwamfuta. Asusu iri biyu ne: na admin, mai ikon canza tsari, da na gama-gari, wanda zai yi aiki amma ba zai ɗora abin da ya shafi kowa ba. Abin da yake rikita mutane shi ne, ko da asusunka na admin ne, Windows tana tafiyar da ayyukanka da ƙaramin iko har sai ka nemi babba. Don haka sai ka ga saƙon "Access is denied", ko lamba 0x80070005, ko kuskure na 740, alhali kai ne mai kwamfutar. Maganin wannan ba wuya. Ka danna fayil ɗin da gefen dama na linzami, ka zaɓi "Run as administrator", akwatin tambaya ya fito, ka karanta sunan kamfanin da ke jiki, sannan ka amince. Idan akwatin ya fito da launin rawaya ya ce ba a san mai manhajar ba, ka dakata ka tuna inda ka samo ta. Wanda kuma yake mamakin me ya sa filas da linzami suke aiki ba tare da tambaya ba, dalili shi ne direbobinsu suna cikin rumbun Windows tun asali. Shigar da sabo cikin rumbun shi ne yake buƙatar admin.

Inda abin yake ɗaci shi ne idan akwatin ya nemi kalmar sirrin wani asusu da ba ka taɓa sani ba. Na ga wani malamin firamare ya zo shagon gyara da kwamfutarsa a cikin jakar goyo, firinta a ɗaure bayan babur da igiyar roba, yana son buga takardun jarrabawar ƙarshen zango. Yaron shagon ya kunna, ya sa kebul, ya danna, sai ga akwati da wani suna a sama da gurbin kalmar sirri a ƙasa.

"Malam, wa ya ɗora maka Windows ɗin nan?"

"Can inda na saya a Kaduna suka yi komai, injiniya. Ni dai an ba ni na kunna na ga tana aiki."

"To, Malam, sun riƙe admin ɗin a hannunsu. Kai asusun aro suka buɗe maka. Kana da lambarsu?"

Malam ya lalubo rasit daga aljihun jakar, aka kira, wayar ba ta shiga. Da ta shiga daga baya, sai aka ce ya kawo kwamfutar a duba.

Wasu masu sayarwa suna yin haka ne da kyakkyawar niyya, wai kada mai saye ya ɓata tsarin ya dawo yana ƙorafi. Wasu kuma don a dinga komawa wurinsu ne. Ko wace ce niyyar, ban ga hujjar da za ta halatta a karɓi kuɗin mutum cikakke a ba shi rabin mallaka ba, balle mutumin da tsakaninsa da kai akwai daji. Kalmar sirrin admin tana cikin abin da aka saya, daidai da caja da batir. Duk wanda ya sayar ya riƙe ta bai cika ciniki ba.

Akwai wata siga ta wannan matsala da take tsorata mutane: akwatin ya fito amma babu maɓallin amincewa sam, sai na ƙi kawai. Ma'anarsa babu wani asusun admin mai aiki a kwamfutar, sau da yawa saboda wani ya rage wa asusun ƙarshe matsayi bisa kuskure. A kwamfutar gida wadda ba ta ƙarƙashin wani kamfani, Windows ta tanadi mafita. Idan aka tashe ta a yanayin gyara da ake kira Safe Mode, tana buɗe asusun Administrator da ke ɓoye, daga nan a mayar wa mai ita matsayinsa. Idan kuwa admin yana nan amma kalmar sirrinsa ce ba a samu ba, hanya mafi tsafta ita ce a kwashe fayilolin mutum a filas ko hadis na waje, a yi fomatin, a ɗora Windows sabuwa da asusun mai ita. Mai gyara na ƙwarai zai nemi ya ga rasit kafin ya taɓa, domin kayan sata ma da irin wannan ƙorafi ake kawo su.

Yawancin kwamfutocin da suke shigowa Arewa 'yan gwanjo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka gama aiki a ofisoshi da makarantun Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka biyo ta Ikeja zuwa Kano da Kaduna. Injina ne masu ƙarko, shi ya sa ake son su. Amma kamfanin da ya yi amfani da su yakan bar dokokinsa a ciki. Idan ka ga saƙon da yake cewa tsarin doka ya haramta ɗora wannan na'ura, ka tuntuɓi mai gudanarwa, to tsohon kamfanin ne yake magana, ya kafa dokar ne don kada ma'aikata su sa filas su kwashi bayanai. Fomatin yana share wannan. Abin da fomatin ba ya sharewa guda biyu ne. Na farko kalmar sirrin BIOS, wadda take zaune a jikin allon injin. Na biyu rajistar da ake kira Autopilot, inda kamfani yake ba Microsoft shaidar injinsa, ta yadda duk ranar da aka sake ɗora Windows aka haɗa da intanet yayin saitin farko, sai allo ya fito da sunan kamfanin yana neman imel ɗin ma'aikaci. Wannan tarko ne musamman ga wurin da sabis yake wuya, domin idan an yi saitin babu intanet komai zai tafi lafiya, sai bayan watanni, ranar da aka sake fomatin da data a kunne, kulle ya bayyana, lokacin garanti ya wuce. Tsohon kamfanin ne yake da ikon cire rajistar, kai kuwa ba ka ma san a wace ƙasa yake ba.

Tambaya ta biyu ba kai ake yi wa ba, direban ake yi wa: wa ya tsaya maka. A nan ko kai admin ne Windows za ta iya ƙi. Alamarsa ita ce ɗan alwatika mai rawaya a jikin na'urar a cikin Device Manager, da lamba 52, wato an kasa tantance sa hannun direban. Lamba 28 daban ce, tana nufin babu direban ne gaba ɗaya, kuma rarrabe waɗannan biyu yana rage rabin wahala. Kafin a zargi direban, a duba abu biyu. Tsohuwar kwamfuta wadda ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta, agogon da ya kauce kuma yana hana sabuntawa, yana iya dagula tantance sa hannu. Sannan Windows 7 da ba a taɓa sabunta ta ba, irin wadda ta cika shagunan buga takardu a ƙauyuka, ba ta gane sabon salon sa hannu na SHA-2. Direban lafiyayye ne, hatiminsa na gaske ne, ita ce ba ta iya karantawa ba, sai an ɗora mata sabuntawar KB4474419 ko wadda ta gabace ta, KB3033929. Ana iya sauke su a wani wuri a kawo a filas. Mutane da yawa sun jefar da na'ura sabuwa fil saboda rashin sanin wannan.

Masu gyaran waya sun fi kowa cin karo da wannan ƙofa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka mamaye kasuwarmu, yawancinsu da guntun MediaTek ko Unisoc suke aiki, kuma kafin a yi musu filashin sai kwamfuta ta gane su ta wani direba na musamman. Kwafin da yake yawo daga hannu zuwa hannu a tsakanin yaran shago sau da yawa tsoho ne mara sa hannu. Abin da suke yi sananne ne: a riƙe Shift a sake kunna kwamfuta, a bi ta saitin tashi, a danna 7, Windows ta janye dokar sa hannu na wannan tashin kaɗai, a ɗora direban. Ba na zargin mai wannan sana'a, da ita yake ci, kuma ita kanta Microsoft ce ta bar wannan ƙofa. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da ita ta dindindin, a kashe Secure Boot, a bar kwamfuta a yanayin gwaji da rubutun Test Mode a kusurwar allo wata da watanni, kuma a kan wannan injin ne ake shiga asusun banki, ake ajiye hotunan katin ɗan ƙasa na mutanen unguwa da aka cike musu fom. Wanda sana'arsa ta tilasta masa direbobi marasa hatimi, ya ware musu tsohuwar kwamfuta guda wadda ba ta taɓa kuɗi ba ta taɓa bayanan kowa.

A Windows 11 akwai wani mai gadi, Memory integrity, wanda yake hana tsoffin direbobi tashi ko da suna da sa hannu, tare da jerin direbobin da aka san ɓarayi suna fakewa da rauninsu. Idan shi ne ya hana, zai faɗi sunan fayil ɗin a cikin Windows Security. Fara neman sabon direban a shafin kamfanin kafin ka yi tunanin kashe shi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke shigar burtu su yi kama da matsalar izini. Ɗora direba daga cikin fayil ɗin zip ba tare da an warware shi ba. Fayil da aka sauke daga intanet wanda Windows ta yi wa alama, sai an shiga Properties an danna Unblock. Direban 32-bit a kan tsarin 64-bit. Ƙananan kwamfutoci masu S mode, waɗanda ba sa karɓar manhaja sai daga shagon Microsoft. Manhajar tsaro biyu a injin guda suna ture juna. Kowanne cikin waɗannan aikin minti biyar ne ga wanda ya gane shi.

Shekarar 2021 ta nuna yadda hukuncin da aka yanke a nesa yake sauka a kan ƙaramin shago. A tsakiyar shekarar aka bankaɗo wani rauni a sashen buga takardu na Windows, aka sa masa suna PrintNightmare, wanda yake ba ɓarawo damar ƙwace kwamfuta ta hanyar direban firinta. Ranar 10 ga Agusta Microsoft ta fitar da gyara wanda ya ce daga yanzu sai admin ne zai ɗora direban firintar da ake rabawa ta hanyar sadarwa. A Satumba wata sabuntawar ta biyo baya, masu firinta guda da kwamfutoci uku ko huɗu suka fara ganin kuskure mai lamba 0x0000011b. A ƙarshen wannan watan na Satumba ne gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, Birnin Gwari tana ciki, ba a sanar da dawo da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk wanda kwamfutarsa ta karɓi sabuntawar kafin a katse, ya zauna da sabuwar doka babu hanyar bincika dalilinta. Wanda kuma ya yi fomatin a cikin waɗannan makonni ya tashi da injin da ba sauti, ba Wi-Fi, ba firinta, domin inda Windows take zuwa ta ɗebo direbobi a rufe yake.

A nan ne nake ganin laifin masu ƙera tsarin. Dokar izini daidai ce, amma an gina ta a kan zaton cewa kowa yana da intanet mai ƙarfi a kowane lokaci, cewa mafita tana nesa da kai da dannawa guda. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, daidai lokacin da Birnin Gwari take cikin duhun sadarwa, ta zo da sharaɗin cewa sigar gida sai da intanet da asusun Microsoft kafin a gama saitin farko. Saƙonnin kuskure kuma suna cewa ka nemi mai gudanarwa, kamar kowane gida yana da ofishin injiniyoyi a bayansa. Mutumin da yake caji da sola ko janareto, yake sayen data da awo, ba a sa shi cikin lissafi ba. Tunda ba a sa shi ba, dole ya yi wa kansa tanadi.

Tanadin kuwa ba shi da tsada. Ranar da kwamfutarka take lafiya, komai yana aiki, ita ce ranar kwashe direbobinta. A Windows 10 da 11, ka sa filas, ka buɗe babban fayil a ciki, ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta pnputil /export-driver * sannan adireshin wurin, misali E:\direbobi. Za ta kwafe duk direbobin da aka ƙara wa injin, da hatiminsu. Ranar da aka yi fomatin, sai a nuna wa Device Manager wannan wuri ta ɗauka, ba data ba sabis. Ka haɗa da fayil ɗin ɗora firintarka, ka rubuta kalmar sirrin admin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Filas ɗin nan kada ya zama na yawo tsakanin shaguna, domin ta nan bairos ɗin da yake mayar da fayiloli gajerun hanyoyi yake shiga.

Idan ba ka yi tanadin ba, kuma na'ura ta fito a matsayin wadda ba a sani ba, kada ka yi cinke. Shiga bayananta a Device Manager ka nemo Hardware Ids. Za ka ga lambobi bayan VEN ko VID, su ne shaidar kamfani: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 03F0 na HP, 04A9 na Canon, 04B8 na Epson, 0E8D na MediaTek. Ɗauki hoton layin da waya, duk wanda zai je inda sabis yake da ƙarfi zai iya sauko maka da ainihin direban daga shafin kamfanin. Idan kuma katin Wi-Fi ne ya rasa direba amma akwai sabis a gari, haɗa wayar Android da kebul ka kunna raba data ta USB, Windows tana gane wannan da kanta, daga nan ta ɗebo sauran.

Gyare-gyaren da suka fi yawo a bidiyoyi su ne suka fi cutarwa. Wani zai ce ka kashe akwatin tambayar gaba ɗaya. Wani zai ce ka ƙwace mallakar System32 daga hannun TrustedInstaller ka ba kanka. Wannan na biyun yana iya sa sabuntawa ta daina shiga, kuma gyara shi ya fi fomatin wuya. Sai tarin direbobin nan masu ɗora komai da dannawa guda, waɗanda wasunsu suke shigo da manhajojin talla da ba ka nema ba, da kuma Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka cire mata tsaro don ta yi sauri. A irin wannan injin ba za ka taɓa ganin saƙon hana izini ba, domin babu sauran mai hanawa, kuma ba kai kaɗai aka buɗe wa ba.

Masu Linux ba su tsira ba, sai dai tambayar tana zuwa a fili: sudo da kalmar sirri, ko a sa sunanka a rukunin dialout kafin ka yi magana da na'urar da ke kebul. Kwamfutocin Apple ma tun 2017 suke neman mai su ya shiga saitin tsaro ya amince da hannunsa. Babu tsarin zamani da yake barin direba ya shiga haka kawai.

A gidan da yara da ƙanne suke amfani da kwamfuta guda, wannan doka alheri ce. Maigida ko uwargida su riƙe admin, a buɗe wa sauran asusun gama-gari. Yaro zai yi aikin makaranta ya koyi bugu, amma ranar da ya sauko da wani wasa mai ɗauke da ɓarna, sai akwatin ya tsayar da shi ya zo ya tambaya. Bambancin wannan da abin da aka yi wa malamin nan shi ne, a nan mai kayan ne yake riƙe da ikon.

Matsalar za ta ƙaru kafin ta ragu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ta kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, alhali yawancin 'yan gwanjon da ke hannun mutane ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Tun Satumba 2023 kuma ta sanar da cewa za ta janye sannu a hankali daga rarraba direbobin firinta na kamfanoni, ta koma wa tsari guda da sabbin firintoci suke ganewa. Tsoffin LaserJet da suke riƙe da shagunanmu, masu jure ƙura da zafi, ba don wannan tsari aka yi su ba, kuma nemo direbobinsu na asali zai dinga wuya. Wanda yake da irinsu ya sauke ya ajiye tun yanzu.

Mai shirin saye kuwa, kada ya bar shagon sai an yi abu huɗu a gabansa. A nuna masa asusunsa da kalmar Administrator a ƙarƙashin suna. A shiga BIOS a tabbatar ba ta neman kalmar sirri. A duba sashen asusun aiki ko makaranta a cikin saiti a ga babu sunan wani kamfani, in da hali a ɗora Windows sabuwa da intanet a kunne don Autopilot ya bayyana idan yana nan. A buɗe Device Manager a ga babu alamar rawaya ko ɗaya. In firinta ko na'urar hoton yatsa zai haɗa da ita, ya je da ita a gwada a wurin, a buga shafi guda, kafin ya ƙirga kuɗi ya nufi tashar motar Birnin Gwari.